Kwana Shida a Magarya da Dungas, Inda Salula Ta Riga Kwalta Isa

Saƙon murya ne ya tayar da ni. Wata Talata da daddare, cikin sanyin hunturun da ya wuce, wayata ta yi ƙara, na duba na ga lamba mai farawa da 227. Kawuna ne, ƙanin mahaifiyata, daga Magarya. Minti huɗu ya yi yana magana, biyu daga ciki gaisuwa ce zalla. Ya tambayi yayarsa, ya tambayi iyalina ɗaya bayan ɗaya, har da maƙwabcinmu da suka taɓa haɗuwa sau ɗaya tak. Sannan ya zo kan magana: zai aurar da autarsa, za a kai ta wani ƙauye a ƙasar Dungas, kuma ba aike yake so ba, ƙafata yake so. Na kai wa mahaifiyata wayar, ta saurara har sau uku. Da ta gama sai ta ce lokacin da aka kawo ta Kano tana amarya, idan aka yi rasuwa a gida sai an yi sadakar bakwai kafin labari ya same ta, shi ma ta bakin direba. Daga baya aka shiga yayin kaset, a zauna a gaban rakoda kowa ya yi gaisuwarsa, a naɗe kaset ɗin a tsumma a ba mai tafiya. Ta riƙe wayar a tafin hannunta ta daɗe tana kallon ta.

Ranar Asabar da hantsi muka bar Kano a motar haya. Muka ɗauki hanyar Daura, muka karya a Kwanar Dumawa, muka bi ta Kunya da Kanya har Ɓaɓura. Hazo ya rufe gari, an gama girbi, gonaki sun zama fili sai kara a jingine da awaki suna kiwo. A kowane gari muka tsaya abu guda nake fara gani: laima, benci, da yaro riƙe da na'urar POS. Tun wahalar canjin kuɗi ta farkon 2023, lokacin da takardar naira ta yi ɓatan dabo, mutumin ƙauye a wajenmu ya koyi tura kuɗi ta waya ba don yana so ba. Mai ƙosai a Ɓaɓura ma ta rubuta lambar asusunta a jikin kwali ta jingine da kasko.

A Babban Mutum na nemi 'yan canji. Wanda na tsaya wajensa bai faɗa mini farashi ba sai da ya ciro waya ya saurari wani saƙo daga abokan sana'arsa, don ya ji yadda kasuwa ta kwana. Jaka guda ta sefa ta haura naira 2,500. Na tuna ina saurayi, in na zo hutu, ƙasa da naira 400 ake ba da ita. Na miƙa masa damin kuɗi, ya miƙo mini 'yan takardun da suka shige aljihun gaba ba su ko tasa shi ba. Sha'anin jami'an iyaka bai ɗauke mu lokaci ba: muka nuna takardu, aka duba kaya, muka wuce Tinkim. Direbanmu ya ce wannan hanyar ta ga rufi biyu cikin 'yan shekaru, na Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris ɗin 2024. Ya ce, "Alhaji, an rufe hanya, amma ba a rufe waya ba. Da ita muka riƙe zumunci, da ita muka ci abinci."

Layina na Najeriya ya raka ni 'yan kilomitoci cikin ƙasar Nijar, sanduna huɗu suka koma biyu, suka koma ɗaya, ya ɗauke. Fasinjan da ke kusa da ni ko a jikinsa, don wayarsa mai layi biyu ce, ɗaya na nan ɗaya na can. Haka kusan kowa yake a bakin iyakar nan. A 2021, da aka katse layukan waya a sassan Zamfara da Katsina da Sakkwato saboda 'yan bindiga, da layin Nijar mutanen garuruwan iyaka suka riƙa jin lafiyar 'yan uwansu.

Abin da ya ɗauke mini hankali daga waya shi ne gawo. Ko'ina ka duba cikin gonaki ga shi nan tsaye, kore shar a tsakiyar rani, tunda shi da damina yake zubar da ganye, ya bar wa gero rana da taki. Ba gwamnati ce ta dasa su ba. Manoma ne suka daina tumɓuke tohon da ke fitowa daga kututture, suna rage shi suna barin mai ƙarfi, abin da ake kira sassaben zamani. Sun yi shekaru suna wannan aiki duniya ba ta sani ba, sai da masu bincike irin su Gray Tappan na Amurka da Chris Reij na Holan suka ɗauko hotunan sama na 1975 suka gwada da hotunan tauraron ɗan adam na bayan shekara ta 2000. Nan aka gane cewa a kudancin Nijar, musamman Maraɗi da Damagaram, an farfaɗo da kusan hekta miliyan 5, itatuwa wajen miliyan 200, kuma ƙasar Magarya da Matamaye da Mirya na cikin inda abin ya fi kauri. Na daɗe ina juya wannan a raina. Manomi ne ya yi aikin da gatarinsa, na'ura ta zo daga baya ta ba da shaida, shaidar kuma ta sa masu tsara manufofi suka daina kallon sa a matsayin mai kashe daji.

Ana kiran la'asar muka shiga Magarya. Ɗan kabu-kabu, wato ɗan acaɓa a bakinmu, ya kai ni ƙofar gida a kan dala ashirin. Sai da na yi lissafi a zuci, domin a nan da dala ake ƙirga, kowace dala sefa 5, dala ashirin sefa 100 ke nan. Kawu ya taso daga kan buzu ya riƙe hannuna da hannu biyu. "Ɗana, ka sha hanya. Yaya ka baro yayata?" Kafin in zauna an kawo ruwa a kwanon sha, aka biyo da fura, hura a bakinsu, damammiya da nonon da bai ga ruwa ba. Da dare aka kawo tuwon hatsi da miyar kuka da man shanu, aka ƙara da kwaɗon zogale. An share mini ɗakin zaure, an shimfiɗa sabuwar tabarma da katifa, an ɗaura gidan sauro duk da sanyi. Washegari da na ce zan saya wa yara burodi, Inna, matar kawu, ta aiko a ce mini baƙo ba ya cefane a gidanta. A Kano muna karɓar baƙo, amma muna yi muna duban agogo. A nan maƙwabta ma sai da suka aiko da kwanuka, har na rasa wanda zan fara buɗewa.

Hausa ɗaya muke yi, amma kayan zamani kowa da sunan da ya raɗa musu. Wayar hannu salula ce, sabis rezo ne, kati kiredi, wutar lantarki kuran, farantin hasken rana pano, asibiti kuma likita. Saƙon murya da samarinmu ke kira boyis, su vokal suke cewa. Kwana ɗaya ya ishe ni sabawa.

Bayan isha'i babban ɗan kawu ya ja ni fadarsu, wato majalisar samari, inda ake dafa shayi a ƙaramar buta a sha zagaye uku. Mutum tara ne a zaune, hasken waya a fuskar bakwai. Ba kiredin kowa ke ƙonewa ba. Wani mai shago a kwanar layin ya kafa farantin Starlink a kan rufinsa, yana sayar da 'yar takarda mai lambobi, dala ashirin ka yi sa'o'i kana shiga intanet. A farkon 2025 kamfanin ya fara aiki a Nijar da izinin hukuma, shekara biyu bayan ya fara a Najeriya, ga shi har ya zama sana'ar unguwa. Ɗaya yana kallon ƙwallo, ɗaya yana magana da yayansa da ke Libiya fuska da fuska, wani ɗalibi kuma yana sauke darasin lissafi da Faransanci, yana tsayar da shi yana maimaitawa. Kamfanonin waya huɗu ne a ƙasar, Airtel da Moov da Zamani da Niger Telecom na gwamnati, kuma kowane saurayi a fadar ya san wanda ke kamawa a wace unguwa da wane lokaci, kamar yadda masunci ya san ruwa.

A nan aka ba ni labarin igiyar da ke ƙarƙashin hanya. Na riga na karanta game da ita, amma ban san na bi ta gefenta da rana ba. Babban aiki ne na haɗa ƙasashen Sahara da igiyar intanet ta ƙarƙashin ƙasa, da kuɗin Bankin Raya Afirka. Rabon Nijar ya haura kilomita 1,000, a kan kusan yuro miliyan 43, kuma a Nuwamban 2025 aka karɓi aikin shimfiɗawar. Reshe ɗaya ya bi ta Arlit da Asamaka zuwa iyakar Aljeriya, ɗaya ta Diffa da Ngigmi zuwa Cadi, biyu sun tashi daga Yamai zuwa iyakokin Benin da Burkina Faso, na biyar kuwa shi ne ya taso daga Damagaram ya ratsa Magarya ya dire a iyakar Najeriya. Ƙasar da ba ta da teku dole ta nemi irin wannan, domin manyan igiyoyin duniya ta ƙarƙashin teku suke zuwa, su sauka a Legas ko Kwatano ko gaɓar Aljeriya, kuma wanda ke da ƙofa ɗaya kullum yana hannun mai ƙofar. Ban raina aikin ba ko kaɗan. Amma na tambayi samarin ko makarantarsu ko likitar garin sun fara sha daga gare ta, sai wani ya ce, "Yaya, mu dai mun ga an tona, an binne, an rufe." Sai na tuna da ruwan Tiga. Dam ɗin bai amfani manomin Kadawa ba sai da aka ja magudana har bakin gonarsa. Hukumomin Nijar sun san da haka, shi ya sa tun 2017 aka kafa hukumar ANSI mai kula da fasahar sadarwa, a 2020 kuma Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 100 ta Amurka don kai sadarwa ƙauyuka sama da 2,000. Magudanar ita ce aikin da ya rage, kuma ita ce mai wuya, don ba a yanke mata ƙyalle a gaban 'yan jarida.

Ranar Lahadi aka ɗaura aure bayan sallar asuba, aka raba goro da dabino. Da hantsi na raka kawu shagon aika kuɗi, zai karɓi gudummawar da wani ɗan uwa ya turo daga Agadas. A nan na ga bambanci mafi girma tsakaninmu da su. Mu asusun banki da POS muka runguma. Su kuwa kamfanonin aika kuɗi na gida ne suka riƙe ƙasar, irin su Nita da Amana da Al Izza. Ka kai tsabar kuɗi a wani gari, a ba ka lambar sirri, ka faɗa wa naka ta waya, ya je reshen garinsu da katin shaida ya karɓa. A gabanmu akwai wata dattijuwa da ta zo daga ƙauye a amalanke. Ba ta iya karanta lambar ba, don haka ɗanta ya faɗe ta a saƙon murya, a hankali, yana maimaita kowace lamba sau biyu. Ta ciro wata ƙaramar salula daga ƙullin zanenta, maɓallanta duk sun goge, an ɗaure murfin da roba, ta miƙa wa ma'aikacin ta taga. Ya kara a kunne, ya rubuta, ya ƙirgo mata jaka goma sha biyar. Ta ƙirga da kanta sau biyu, ta ƙulle, ta yi masa addu'a kamar shi ya ba ta. A da sai ɗan ci-rani ya jira mai zuwa gida, ya damƙa masa amana, a yi wata ana zullumi. A ƙasar da ƙidayar 2012 ta ba Magarya mutum sama da 570,000, Dungas sama da 350,000, kuma da wuya ka sami gidan da ba shi da wani a Kano ko Legas ko Libiya ko wajen haƙar zinariya, wannan tagar ba ƙaramin abu ba ce.

Litinin aka kai amarya. Ni a motar kayan ɗaki na sami wuri, tsakanin katifa da kwalin kwanuka. Muka bar kwalta muka shiga jar ƙasa, daga nan muka shiga rairayi. Sau biyu muka sauka muka tura. Dungas ta daɗe a ƙarƙashin Magarya, sai a 2011 ta samu gashin kanta, da ƙananan hukumomi huɗu: Dungas, Dogo-Dogo, Guci da Malawa. Tsohuwar ƙasar Sosebaki ce, ita da Waca. A 2022 Bankin Raya Afirka ya amince da kuɗin hanyar Hamdara zuwa Waca zuwa Dungas har iyakar Najeriya, kilomita 110, kuma duk wanda na zanta da shi a kan hanya sai ya ambace ta. Muna tafe muna wuce amalanken shanu ɗauke da rake daga fadamun Korama, mai tuƙin yana zaune a kan kaya da waya a kunne.

Ƙauyen angon ba shi da kuran. Wannan ba baƙon abu ba ne, domin a Nijar kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da wutar lantarki, a karkara kuwa abin bai kai haka ba. Birane ma sun ɗanɗana a Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba su, wadda ta kai kusan kashi 70 cikin 100 na abin da suke amfani da shi. Kawu ya ce tun daga lokacin pano ya yi kasuwa. A bakin masallacin ƙauyen na ga wani yaro da bai wuce shekara goma sha biyar ba, ya kafa rumfar zana, pano biyu a kan rufi, batirin mota a ƙasa, da allon katako da aka jera wa soket sun fi talatin. Duk wayar da aka kawo sai ya manna mata 'yar takarda ya rubuta lamba, ya ba mai ita guntun kwali mai lamba iri ɗaya. Caji dala goma, naira ɗari da 'yan kai ke nan, kusan yadda muke biya a unguwannin Kano idan wuta ta yi kwanaki ba ta zo ba. A gefe yana da tsohuwar kwamfuta da yake tura wa mutane wa'azi da karatun Alƙur'ani da finafinan Kano a katin ajiya. Na tambaye shi inda ya koyi gyara, ya ce wata shida ya yi wajen wani ɗan garinsu a kasuwar waya ta Farm Centre. Na ji daɗin jin sunan gida a bakinsa.

Rezo kuwa sai a kan wani tudun rairayi gabas da gari, kusa da wata tsamiya. Da yamma za ka ga maza a tsaye a can, kowa ya ɗaga hannu sama. Na lura babu mace ko ɗaya. Da na shiga cikin gida gaida gwaggon ango, wadda ta tarbe mu da dambu da soyayyar zabuwa, na tambaye ta ko tana da salula. Ta ce, "Ɗan nan, ta malam ce. In ɗiyata ta kira daga Damagaram, sai ya dawo daga kasuwa a kawo mini in ji." Wannan magana ta tsaya mini a rai fiye da duk alƙaluman da na karanta. Ita ke jinyar yara, ita ke sanin ranar da hatsi zai ƙare a rumbu, ita ke kiwon awakin da ake sayarwa a biya magani, amma labari sai ya bi ta aljihun wani kafin ya iso ta. A 2010, lokacin fari, ƙungiyar Concern ta gwada tura wa mata tallafi ta waya a jihar Tawa maimakon a tara su a layi, aka kuma ga cewa gidajen da matan suka karɓa ta waya sun fi cin abinci iri-iri. Ba a nesa aka yi wannan ba, a ƙasar nan ne.

A gidan wani ɗan kasuwar riɗi aka sauke mu, aminin mahaifin ango. Ya ba mu ɗakinsa ya koma zaure. Da asuba na ji shi yana waya, kira uku a jere: ɗaya Maigatari, ɗaya Damagaram, ɗaya wajen ɗan canji. Bai ɗaura buhu ko ɗaya a mota ba sai da ya san farashin tiya a kasuwanni biyu da yadda naira ta tashi. Ya ce mahaifinsa da raƙumi yake zuwa, ya yi kwana biyu a hanya, in ya tarar kasuwa ta faɗi ba shi da zaɓi sai ya sayar. Abin da ya faɗa da bakinsa shi ne abin da wata mai bincike daga Amurka, Jenny Aker, ta auna. Ta bi farashin hatsi a kasuwannin Nijar daga 2001, shekarar da salula ta fara shiga ƙasar, zuwa 2006, ta gano cewa inda rezo ya isa, tazarar farashi tsakanin kasuwa da kasuwa ta ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100, kuma kasuwannin da suka fi nisa da munin hanya su suka fi amfana. Sai dai mai masaukina ya ƙara wani abu. Tun Oktoban 2024 da gwamnati ta hana fitar da hatsi da wake zuwa waje, in ban da Mali da Burkina Faso, don kare cimakar cikin gida, mai wake yana iya jin farashin Maigatari a kunnensa amma ba shi da halin kaiwa. Na fahimci dalilin hukuma, na kuma fahimci ƙorafinsa. Waya tana kawo labari, amma hanya da doka da wuta su ke yanke ko labarin zai zama kuɗi.

Na karɓi wayarsa na duba yadda yake ajiye sunaye. Bai yi lakwal ba, wato makarantar boko, a lissafin hukuma yana cikin fiye da rabin manyan ƙasar da ake cewa ba su iya karatu ba. Amma ya sauke Alƙur'ani, kuma duk sunayen da ke wayar da ajami ya rubuta su, da harufan Larabci. Bashin da yake bin mutane ma haka yake rubuta shi a wani littafi mai baƙin bango. Mutumin da ke riƙe da lissafin buhu ɗari a ka da takarda ba jahili ba ne. Na'urar ce ba ta iya harshensa ba. Saƙon da kamfanin waya ke turo masa da Faransanci yake zuwa, jerin zaɓin aika kuɗi ma haka, sai ya nemi ɗan makaranta ya karanta masa, ya kuma ba shi lambar sirrinsa. Mu ma a Kano haka iyayenmu ke fama da Turanci a gaban mai POS, kuma ta nan ake cutar da da yawa daga cikinsu. A Maris ɗin 2025 Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. In ana son talaka ya ga wannan doka da idonsa, to a fara da allon salularsa.

An riga an ga abin da ke aiki. A 2009 da 2010, ƙungiyar CRS ta haɗa koyon amfani da salula cikin darasin yaƙi da jahilci a ƙauyukan Doso da Damagaram, kuma waɗanda suka koya da waya sun fi sauran riƙe karatu da lissafi, saboda suna da dalilin yin rubutu kullum. Ƙungiyar zaurukan manoma ta ƙasa, RECA, tana da cibiyar da manomi zai kira ko ya tura hoton ganyen da tsutsa ta ci ta WhatsApp, a ba shi amsa da murya cikin harshensa. Wani ɗan ƙasar, Abdu Maman Kane, ya ƙirƙiro hanyar da mai lambu zai kunna injin ban-ruwa ya kashe da wayarsa daga nesa, har ya ci babbar kyautar ruwa ta Sarki Hassan na Biyu a 2015. Gidajen rediyon karkara kuwa tun tuni suke karanta farashin kasuwanni da sanarwar rigakafi da cigiyar dabbobi, yanzu kuma a cikin salular ake sauraron su. Duk waɗannan da baki da kunne suke aiki.

Ranar Laraba na leƙa ɗakin shan magani na wani gari kusa. Ma'aikaci ɗaya ne, da ungozoma. Ya nuna mini yadda yake ɗaukar hoton rahotonsa ya hau babur zuwa inda rezo ke kamawa ya tura wa na gaba da shi, da yadda yake kiran mota idan haihuwa ta zo da gardama. Duk wanda ya san yankin nan ya san nauyin wannan kira. Ƙungiyar likitoci ta MSF tana aiki a asibitin Magarya tun 2005, kuma a daminar 2018, da zazzaɓin cizon sauro ya haɗu da tamowa, sai da ta ba da sanarwar cewa kusan yara goma ke rasuwa a kowace rana a sashen yara. Da yawa a makare ake kawo su. Ma'aikacin ya ce da iyaye mata na da waya a hannunsu, da kuma rezo a cikin gari ba a kan tudu ba, da yaro zai fara suma za a kira shi, ba sai gari ya waye ba.

Alhamis da sassafe na yi sallama. Gwaggon ango ta ƙulla mini riɗi da kuka da busasshiyar kuɓewa, mai masaukina ya haɗa ni da ɗan kabu-kabun da ya yarda da shi, ya biya kuɗin tun kafin in sa hannu a aljihu. Muka bi ayarin shanu da raƙuma da ake korawa kasuwar Maigatari, wadda ke ci ran Alhamis. Tun kafin mu ga gari wayata ta farfaɗo, saƙonnin kwana biyar suka riƙa shigowa a jere. A kasuwar, dillali ɗaya na gani da waya uku. Na tambaye shi dalili, ya ce kiran Dungas da layin Najeriya kiran ƙasar waje ne, ga tsada, alhali garin yana nan bayan waɗancan itatuwan. A Nuwamban 2024 Nijar da Mali da Burkina Faso suka sa hannu kan janye ƙarin kuɗin kira ga wanda ya tsallaka da layinsa tsakaninsu. Abu ne mai kyau. Amma mutumin Dungas ba Bamako yake zuwa cin kasuwa ba, Maigatari yake zuwa, kuma 'yarsa a Ɓaɓura take aure. Ya kamata Abuja da Yamai su zauna su yi wa mutanen iyaka irin wannan sauƙi, ko da siyasa ba ta gama daidaita ba.

Daga Maigatari na hau motar Gumel, muka biyo ta Gujungu, na shiga Kano bayan magariba da ƙurar ƙasa biyu a jikina.

Kirana na ƙarshe ga matasanmu masu ilimin kwamfuta ne, na Jami'ar Bayero da na Jami'ar André Salifou ta Damagaram da sauransu. Kafin ku zauna ƙera wata manhaja don manoma ko mata masu ciki, ku je ku kwana uku a ƙauyen da ake hawa tudu neman rezo. Ku ga irin wayar da ke hannun mutane, ku ji harshen da suke magana da ita, ku tambayi wanda take kwana a aljihunsa. Motar Magarya tana tashi daga Kano kullum, kuma wanda ya fita da hantsi zai yi la'asar a can.